TSH ɗina ya ƙi tsayawa wuri guda: in koma shan tayiroksin na ruwa?

Tambaya: Likita, shekarata 44. Shekara shida ke nan da aka yi mini aikin maƙoƙo aka cire tayirod ɗina gaba ɗaya, tun lokacin nake shan ƙwayar tayiroksin mai lamba 100. Matsalata gwajin TSH ba ya tsayawa. Bara ya fito 1.8, bayan wata shida ya koma 9, aka ƙara mini zuwa 125, sai ya faɗo 0.1 ina ta fama da bugun zuciya, aka mayar da ni 100, yanzu ga shi 7. Duk wanda na samu a kemis shi nake saya, wani lokaci na Jamus, wani lokaci na Indiya. Ƙanwata da ke Amurka ta ce akwai na ruwa, akwai na kafso, akwai kuma wanda ake yi da tayirod ɗin dabba, in zaɓa ta aiko mini. Wanne ya fi riƙe mutum daidai na tsawon shekaru?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Ki ce wa ƙanwarki ta ɗan dakata, kada ta kashe kuɗinta tukuna. Ga mafi yawan masu irin lalurarki, wannan ƙwayar da kike sha tana iya riƙe TSH daidai shekara da shekaru, muddin abin da ya shiga jini yau shi ne zai shiga gobe. Lambobin da kika kawo suna nuna mini cewa abin da ke shiga jininki ne yake hawa yana sauka, ko da yake lambar da ke jikin kwali ba ta canza ba. Don haka aikin farko shi ne a gano inda maganin yake zurarewa tsakanin kantar kemis da jininki. Na ruwa da na kafso suna da ranarsu, zan zo kansu.

Tayiroksin, wanda za ki ga an rubuta levothyroxine a kwalinsa, kwafin sinadarin T4 ne da tayirod ɗinki take yi kafin a cire ta. T4 ba ya gaggawar barin jiki, sai an yi kusan kwana bakwai kafin rabin abin da kika sha ya ƙare. Ki ɗauka wata babbar randa ce mai ɗan yoyo a gindi, kullum da safe kina zuba mata moɗa ɗaya. Ranar da kika manta ba ki zuba ba, da wuya a ga bambanci. Amma idan aka musanya miki moɗar da wadda ta ɗan gaza ta da, ba ki lura ba, yau ba za ki gani ba, jibi ma haka, sai bayan sati shida ruwan ya sami sabon matsayi ƙasa da inda yake. Dalilin da ya sa ke nan ba ma gwada TSH sai sati shida zuwa takwas bayan kowane irin canji, kuma gwajin da aka yi kafin nan yaudarar likita yake yi.

Shi kuwa TSH ba daga maganin yake ba. Wata 'yar tsoka ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, take fitar da shi don ta umarci tayirod ta ƙara aiki. Idan T4 ya yi ƙasa TSH ya hau, idan ya yi yawa TSH ya sauka. Kuma hawan ba ɗaya-da-ɗaya ba ne: idan T4 ya ragu da rabi, TSH na iya ninkawa kusan sau ɗari. Kin ga ke nan ba sai an sami babban giɓi ba. Maikirogiram 12 ko 25 a rana (maikirogiram shi ne ma'aunin lambar da ke jikin kwali) ya isa ya fitar da mutum daga iyakar da ake so, wato wajen 0.4 zuwa 4.0 a yawancin ɗakunan gwaji. Wanda yake da sauran tayirod, ragowar takan cike ɗan giɓin ba tare da ya sani ba. Ke ba ki da wannan gatan, duk abin da ke jininki daga ƙwayar ya fito.

Akwai wani abu da ya fito fili a tarihinki: 100 ta gaza, 125 ta yi yawa. Wanda aka cire wa tayirod baki ɗaya yakan buƙaci kimanin maikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 ke nan 112. A Amurka akwai ƙwaya mai 88, mai 112, mai 137, amma a kemis ɗinmu galibi 25 da 50 da 100 ake samu. Wannan ba matsala ba ce, saboda doguwar rayuwar maganin a jini: idan mutum ya sha 100 yau, 125 gobe, haka dai, jikinsa 112 yake gani. Mai yiwuwa nan ne matsayinki. Amma ba zan so a taɓa lambar ba sai an toshe sauran ramukan, in ba haka ba za a ci gaba da bin sakamako da gudu kamar yadda aka yi a shekarar da ta wuce.

Sai batun sayen duk wanda kika samu. Sinadarin da ke aiki iri ɗaya ne a kowane kamfani, amma ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Maikirogiram 100 kashi ɗaya ne cikin goma na miligiram ɗaya, sauran abin da kike haɗiya duk kayan cikawa ne, irin su laktos, sitaci, manitol da abin da ke manne ƙwayar. Waɗannan ne ke tsara yadda ƙwayar ke narkewa a ciki da kuma yadda take riƙe ƙarfinta a ajiye, kuma kowane kamfani da haɗinsa. Matsalar ta daɗe. A 1997 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ce duk masu yin tayiroksin su nemi izini kamar sabon magani, saboda yawan janye shi daga kasuwa da ake yi kan rashin cikar ƙarfi. A 2007 ta ƙara matsa ƙa'ida, ta ce dole ƙwaya ta zauna tsakanin kashi 95 da 105 cikin ɗari na abin da aka rubuta har ƙarshen wa'adinta, maimakon 90 zuwa 110 na da. Ko da wannan ƙa'idar, wanda ya tashi daga ƙwayar da ke saman iyaka ya koma ta ƙasa ya yi asarar maikirogiram 10 a rana, alhali duk kwalayen biyu 100 suka ce.

Abin da ya faru a Faransa ya kamata duk mai shan wannan magani ya sani, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da suka saba da tayiroksin mai suna Levothyrox. A watan Maris na 2017 kamfanin Merck ya canza haɗin Levothyrox bisa buƙatar hukumar magunguna ta ƙasar, aka cire laktos aka sa manitol da sitirik asid, da niyyar ƙwayar ta fi riƙe ƙarfinta. Kusan mutum miliyan uku ke shan maganin a lokacin, kuma da yawansu ba su san an canza komai ba sai da suka ji a jikinsu. Ƙorafe-ƙorafe suka kwararo dubbai, na gajiya da jiri da ciwon kai da zubewar gashi da ciwon jiki, har ta kai a watan Oktoba aka dawo da tsohon haɗin da sunan Euthyrox. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Lyon ta sa kamfanin ya biya masu ƙara sama da 3,000 Yuro 1,000 kowannensu, kan gazawa wajen sanar da su. Da hukumar magungunan Faransa ta duba gwajin jinin masu ƙorafin, kusan kashi biyu cikin uku TSH ɗinsu lafiya lau yake, sauran kuma ya kauce, wasu sama wasu ƙasa. Irin haka ta taɓa faruwa a Niyu Zilan a 2007 da aka canza haɗin wani tayiroksin mai suna Eltroxin: rahoton illa 14 aka samu cikin shekara talatin, sai ga sama da 1,400 cikin wata goma sha takwas, kuma sukan yi tsalle duk lokacin da talabijin ta ɗauki labarin. A fahimtata abu biyu ne suka haɗu. Akwai waɗanda canjin ya taɓa jininsu da gaske, akwai kuma waɗanda tsoro ya yi aiki a jikinsu, kuma likitan da ya ce duk tsoro ne ya yi kuskure daidai da wanda ya ce duk guba ce.

Adalci shi ne in gaya miki ɗaya ɓangaren. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2022, kan mutum sama da 15,000, ya kwatanta waɗanda aka sauya musu tayiroksin daga wani kamfani zuwa wani da waɗanda suka zauna kan guda, bai ga bambanci mai ma'ana a TSH ɗinsu ba. Na yarda da binciken, amma a kan magungunan da suka bi waccan ƙa'ida ta 95 zuwa 105 aka yi shi, waɗanda aka ajiye a kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki. A Birtaniya ma, inda ake sauyawa hankali kwance, hukumarsu ta ba da shawara a 2021 cewa wanda ya ji canji a jikinsa bayan sauyi a gwada shi, kuma a duba yiwuwar barinsa kan kamfani ɗaya. Ga wadda ba ta da tayirod, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aikin kansar tayirod, da tsoho mai ciwon zuciya, da ƙananan yara, shawarata a zauna kan kamfani ɗaya. Ba sai mai tsada ba. Na Indiya mai lambar rajistar NAFDAC da za ki riƙa samu kowane wata ya fiye miki na Jamus da za ki samu yau ki rasa wata mai zuwa.

Abin da ya fi damuna a ƙasarmu ma shi ne zafi. Tayiroksin ba ya jure zafi da haske da danshi, yawancin kwalayensa suna cewa a ajiye ƙasa da digiri 25, wasu 30. Ke kin san yadda Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suke daga Maris zuwa Mayu, ana haura 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano da babu wuta. Ƙwayar ba ta canza kala, ba ta wari, ƙarfinta ne kawai ke raguwa a hankali. Don haka ki dubi inda kike saye. Ki nemi babban kantin magani mai sanyi wanda kayansa ba sa daɗewa a kanta, ki duba ranar ƙarewar wa'adi ki zaɓi mai nisa. Kada ki karɓi wanda aka ƙirgo daga babban gwangwani aka zuba a 'yar leda. A gida ki bar shi cikin katinsa da kwalinsa, a ɗakin da ya fi sanyi, cikin durowa ko akwatin kaya, nesa da taga da madafa da banɗaki. Kada ya kwana a mota ko ya yini cikin jakar hannu. Idan kina son ware na sati, ki yanka katin da almakashi maimakon ki ɓare ƙwayoyin. Firji kuma sai idan takardar da ke cikin kwalin ta ce a sa, don firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa danshi yake tarawa. Ki koma ki dubi watannin da TSH ɗinki ya hau, ki gani ko sun biyo bayan bazara.

Sai yadda ake sha, kuma a nan na fi samun amsar a wajen yawancin masu irin ƙorafinki. Ko a cikin da babu komai, kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ƙwayar ne ke shiga jini. Abinci yana rage wannan. Ƙa'idar ita ce a sha da ruwa zalla, a jira minti talatin zuwa awa ɗaya kafin a karya, awa ɗayar ta fi. Shayi mai madara, kofi, koko, kunu, fura da nono, duk abinci ne a wannan lissafin. Waken suya yana da nasa tasirin na musamman wajen hana maganin shiga, don haka mai cin awara ko shan madarar waken suya ta nisanta su da lokacin magani. Abin da ke kawo hawa da sauka shi ne rashin tsari: wata uku kina sha bayan sallar asuba ki karya ƙarfe takwas, wata uku kuma yara sun koma makaranta kina haɗiya da shayi a tsaye. Wadda take sha da shayi kullum ba fashi, za a iya ƙara mata lamba ta zauna daidai. Wadda take yi yau ta bari gobe, babu lambar da za ta dace da ita. Idan safiya ba ta yi miki, a koma dare lokacin kwanciya, awa uku bayan abincin ƙarshe. An gwada wannan, yana aiki.

Ki duba kuma abin da ke cikin jakar magungunanki. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ƙwayar kalsiyam, haɗin bitamin mai ɗauke da su, da farin ruwan nan da ake sha don olsa ko zafin ƙirji, duk suna manne wa tayiroksin a hanji su fita da shi. Tsakaninsu da shi awa huɗu. Mace mai shekarunki da jinin al'ada ya fara yawa, sau da yawa akan rubuta mata maganin ƙarin jini na wata uku, ta riƙa haɗa su duka da safe, TSH ya hau, a ƙara mata tayiroksin, ta gama maganin jinin, sai ga TSH a 0.1 da bugun zuciya. Ban ce haka aka yi a kanki ba, amma zanen lambobinki ya yi kama da wannan sosai. Omifrazol da danginsa suna rage asid ɗin ciki, ƙwayar kuma tana buƙatar asid kafin ta narke, kuma tazarar awa huɗu ba ta magance wannan don aikinsu yini guda yake yi. Rifamfisin na tarin fuka da magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin da fenitoyin suna sa hanta ta ƙone maganin da sauri. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin tana ƙara buƙata. Duk ranar da aka fara ɗaya daga cikin waɗannan ko aka daina, a gwada TSH bayan sati shida zuwa takwas.

Azumi ma yana shiga lissafi. Bincike a ƙasashen Musulmi da dama ya nuna TSH yakan ɗan hau bayan Ramadan, saboda ana shan maganin dab da sahur ko tare da buɗa-baki. Mafi sauƙi shi ne ki tashi ki sha da ruwa, ki shiga kicin, kafin a gama ɗumame rabin awa ta wuce. Ko kuma bayan tarawihi idan kin yi awa uku ba ki ci komai ba. Sakamakon da aka ɗauka a watan Shawwal, idan bai kauce sosai ba, nakan so a maimaita shi kafin a taɓa lamba.

Akwai tambayar da marasa lafiya ba sa son a yi musu, amma dole ce: cikin kwana talatin, sau nawa ake sha? A duk duniya babban dalilin hawan TSH ga mai shan tayiroksin shi ne tsallake kwanaki. Wani mantuwa ce, wani kuɗi ne suka yanke ya riƙa sha yau ya bar gobe don katin ya kai ƙarshen wata. Kwana ɗaya a sati daidai yake da rage kashi 14 cikin ɗari na maganin, wato mai shan 100 ya koma 86. Ki ƙirga ƙwayoyin a farkon wata da ƙarshensa, ki faɗa wa likitanki gaskiya, ba abin kunya ba ne. Idan kin manta da safe ki sha da kin tuna, idan sai washegari kika tuna ki haɗa biyu, sai dai in kina da ciwon zuciya, nan kam ki tambayi likitanki tukuna.

To, ina ranar na ruwa da na kafso? Ƙwaya dole ta narke a asid ɗin ciki kafin hanji ya tsotse ta. Na ruwa ya riga ya narke, kafson kuma tayiroksin ne a narke cikin gilisarin, an rufe shi da ɓawon jelatin. Wanda aka fi sani shi ne Tirosint na kamfanin IBSA na Suwizalan. Amfaninsu yana fitowa ne ga wanda cikinsa ba ya yin asid yadda ya kamata. Wani bincike daga Italiya a 2006 ya nuna masu ƙwayar cutar H. pylori a ciki, ko waɗanda bangon cikinsu ya sirance, suna buƙatar ƙarin kashi 22 zuwa 34 cikin ɗari na tayiroksin kafin su kai inda wasu suke kaiwa. H. pylori kuwa tana da yawa ƙwarai a cikinmu. Ga irin waɗannan, da wanda dole ya zauna kan omifrazol, da wanda aka yi wa aikin rage tumbi, da wanda ake ciyarwa ta roba, da wanda jikinsa ba ya ɗaukar laktos ko wani abin haɗin ƙwaya, na ruwa ko kafso yakan daidaita TSH inda ƙwaya ta kasa. Wani gwaji a Italiya a 2016 ya kuma nuna cewa shan na ruwa tare da karin kumallo da shansa rabin awa kafin nan sakamako ɗaya suka bayar.

Sai dai yawancin waɗannan bincike ƙanana ne, na watanni, kuma galibinsu daga Italiya. Ga wanda cikinsa lafiya kuma yake shan ƙwaya bisa ƙa'ida, ba a nuna cewa na ruwa ya fi ba. Sannan ki yi tunanin abin da zai biyo baya. Maganin rayuwa ne, ba na wata uku ba. Ranar da saƙon ƙanwarki ya makale a hanya, ko ya yi sati biyu a wani sito mai zafi, za ki koma ƙwayar kemis, ga sabon canji, ga sabon hawa da sauka. Kuma da yake na ruwa ya fi shiga jini, wadda ta koma kansa da tsohuwar lambarta tana iya wucewa ta faɗa ɓangaren yawa, don haka sai da gwaji bayan sati shida. Idan ta kai ga haka, ki karanta jerin kayan haɗin, don wasu na ruwan akwai ɗan etanol a ciki, kafson kuma jelatin ne, kina da haƙƙin tambayar daga wace dabba aka samo shi. Kafin nan, idan kina da alamun olsa, a gwada H. pylori a kashe ta. Ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa buƙatar maganin takan sauka bayan an yi.

Na tayirod ɗin dabba kuwa, shi ne mafi tsufa. A 1891 wani likitan Ingila, George Murray, ya fara yi wa wata mata allurar ruwan tayirod ɗin tunkiya, ta warware ta ƙara shekara 28 a duniya. Da shi aka yi ta amfani har tayiroksin zalla da ake haɗawa ya maye gurbinsa. Waɗanda ake sayarwa a Amurka yanzu, irin su Armour Thyroid, daga busasshiyar tayirod ɗin alade ake yinsu, kuma na san za ki so ki san wannan kafin komai. Ko an ajiye batun addini, ta fuskar tambayarki shi ne mafi rauni. Tayirod ɗin mutum tana fitar da T4 kashi goma sha huɗu ga T3 kashi ɗaya, ta alade kuwa wajen huɗu ga ɗaya. T3 shi ne mai zafin aiki, kuma rayuwarsa a jini kusan kwana ɗaya ce, don haka yakan yi sama awa biyu zuwa huɗu bayan an sha, sannan ya sauko. Mai fama da bugun zuciya ba ta buƙatar wannan. FDA ba ta taɓa ba waɗannan magunguna izini irin wanda ta ba tayiroksin ba, kuma a 2020 an janye wasu daga kasuwa, wani rukuni saboda ƙarfinsa ya wuce, wani saboda ya gaza.

Ƙanwarki za ta iya kawo miki zancen haɗa T4 da ƙwayar T3. Gaskiya ne akwai kashi biyar zuwa goma cikin ɗari da ke ci gaba da jin kasala duk da TSH ɗinsu ya daidaita, kuma wani ƙaramin gwaji na mutum 33 a Lituweniya a 1999 ya sa an yi zaton haɗin ne maganinsu. Gwaje-gwaje sama da goma da suka biyo baya ba su tabbatar da fifikon ba, shi ya sa ake barinsa ga ƙwararren likita ya jarraba na 'yan watanni ga wanda aka duba komai aka rasa. Ke TSH ɗinki bai ma zauna ba tukuna, wannan zancen bai zo kanki ba.

Kada ki ɗauka faɗuwar TSH ƙasa sosai ba ta da haɗari don mutum yakan ji ƙarfi da farko. A yankin Tayside na Sikotilan an bi mutum sama da 17,000 masu shan tayiroksin na shekaru, aka wallafa sakamakon a 2010: waɗanda TSH ɗinsu ya haura 4 da waɗanda nasu ya danne ƙasa sosai, duka biyun sun fi samun ciwon zuciya da rikicewar bugunta da karayar ƙashi. Ga macen da ke tunkarar ɗaukewar al'ada, yawan magani na shekaru yana cin ƙashi ba tare da wata alama ba. Ƙarancinsa kuma yana ɗaga kitsen jini, ya kawo kasala da kumburi da yawan jinin al'ada. Idan aikin da aka yi miki na kansa ne, a nan ne likita kan so TSH ya zauna ƙasa da gangan, kuma shi zai faɗa miki iyakarki.

Shi kansa gwajin yana da nasa rawar kai. TSH ya fi hawa da dare da sassafe, ya sauka da rana, kuma injin wannan ɗakin gwaji ba lallai ya ba da lamba ɗaya da na wancan ba. Ki riƙe wuri ɗaya, ki je da safe, ki bar ƙwayar ranar sai an ɗebi jinin, musamman idan za a auna T4, don yakan ɗaga na 'yan awanni bayan an sha. Kada a gwada kina tsakiyar zazzaɓin cizon sauro ko taifot ko wata jinya mai nauyi, a bari ki warware da 'yan makonni. Idan kina shan biyotin, wanda ke cikin yawancin magungunan gyaran gashi da farce da fata, ki dakata aƙalla kwana biyu kafin gwaji, don a wasu injuna yana sa TSH ya fito ƙasa T4 ya fito sama alhali ƙarya ce.

Da ni ke duba ki, ga yadda zan yi. Ki zaɓi kamfani ɗaya da kanti ɗaya, ki ɗauki hoton kwalin a waya don duk wanda kika aika ya nuna. Ki sayi na wata biyu ko uku idan hali ya yi, kada ki tara na shekara a wannan zafin. Ki tsayar da lokaci ɗaya na sha, ki kai maganin jini da kalsiyam da na olsa zuwa rana ko dare. Ki zauna kan 100 ɗin a haka sati takwas cur, sannan a gwada TSH da T4. Idan ya sauko tsakanin 0.5 da 2.5 ko kusa da haka, an gano ɓarawon, sai gwaji bayan wata shida, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan yana nan sama da 4, a ƙara kaɗan, 100 da 125 rana bayan rana, a sake gwadawa bayan sati takwas. Idan har an yi wannan sau biyu bisa ƙa'ida yana ta rawa, ko kuma buƙatarki ta haura maikirogiram 2 ga kowane kilo, to lokacin binciken ciki da hanji ya yi, kuma a nan ne zan ce ƙanwarki ta aiko da kafso ko na ruwa, na wata shida a tashi ɗaya, da alkawarin ba zai yanke ba.

Ranar da kika je ba ki sami naki kamfanin ba, ki sayi wanda ke akwai mai lamba ɗaya ki ci gaba da sha, kada ki zauna babu magani kina jira. Ki rubuta ranar da kika sauya, ki yi gwaji bayan sati shida zuwa takwas. Idan kuma Allah Ya kawo rabo kika ga batan wata, kada ki jira ranar awo. Buƙatar tayiroksin tana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun makonnin farko, abin da aka saba yi shi ne a ƙara ƙwaya biyu a sati nan take, a ga likita cikin satin, a riƙa gwaji kowane sati huɗu har tsakiyar cikin, kuma maganin ƙarin jinin da za a ba ki a wajen awo ya koma bayan azahar. Bugun zuciya mai tsanani, ciwon ƙirji, haki ko jiri kamar za ki faɗi, waɗannan na asibiti ne a ranar, ba sai lokacin gwaji ya zo ba.